Kira ga Hukumomin Jihar Kano: A Sauƙaƙa wa Masu Ɗaukar Hoto, A Kuma Yi wa Hotunan Ma'ajiya

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Kano,
ta hannun Kwamishinan da ke kula da al'adu da yawon buɗe ido,
da Shugaban Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano.



Ranka ya daɗe, na rubuto wannan takarda ne da yawuna da na ire-irena, masu yawo da kyamara a cikin birni da ƙauyukan jihar nan. A cikinmu akwai wanda hoto ne sana'arsa, da shi yake ci da iyali. Akwai malamin makaranta da ɗan kasuwa waɗanda sha'awa ce kawai take fitar da su ranar da babu aiki. Akwai kuma magidancin da ba shi da komai sai wayar hannu, ya kwashi 'ya'yansa ranar sallah ya kai su gidan zu. Roƙonmu shi ne a fito da ƙa'ida rubutacciya a kan ɗaukar hoto a wuraren da ke hannun hukuma, a kuma samar da inda za a adana abin da aka ɗauka, domin kada ya bi mai shi kabari.

Duk ɗan Kano da aka haifa daga shekarun 1980 zuwa yau bai ga dalar gyada da idonsa ba. Ya dai ji cewa bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyada ta zama abin fatauci har buhuna suka fi ƙarfin taragun da za su kwashe su zuwa Ikko, aka riƙa jibge su ana tayar da dala. Ya ji sunan Alhassan Ɗantata a wannan fatauci. Ya ji yadda farin 1973 da cutar da ta afka wa gyada a 1975 da kuɗin man fetur suka haɗu suka kawar da wannan ciniki. Abin da ya hana yaro ya ɗauki labarin nan a matsayin tatsuniya shi ne hoto: ga leburori ƙanana a gindin dala, ga buhu a kan kowa. Amma mafi yawan hotunan nan baƙi ne suka ɗauka, a ma'ajiyarsu suke, mu kuwa sai dai mu kwafo su daga intanet, dishi-dishi, da tambarin wani kamfanin ƙasar waje a tsakiya. Haka tsohon masallacin Juma'a na birni da hasumiyarsa ta ƙasa, wanda aka maye gurbinsa da ginin yanzu a zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Wanda yake son ganin kamanninsa, sai a tsohon hoton Bature. In an koma baya can, surar birni daga kan Dala a 1851 zanen Heinrich Barth ne, Bajamushen da aka fi sani da Abdulkarim. Ba laifinsu ba ne da suka ɗauka, sun ma kyauta. Sai dai yanzu kyamara tana aljihun kowane ɗan gari, babu dalilin da zai sa jikokinmu su sake neman Kano ta zamaninmu a hannun wasu.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne badala. Tarihin Kano ya nuna Sarki Gijimasu (1095 zuwa 1134) ne ya fara gina ta, sarakunan bayansa suka ci gaba, Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya faɗaɗa ta. Tun 2007 take cikin jerin wuraren da Nijeriya ta miƙa wa UNESCO tana neman a sa su cikin kayan tarihin duniya, tare da Dala da kasuwar Kurmi da Gidan Rumfa. To amma ginin ƙasa ne, kuma ginin ƙasa da yaɓe yake rayuwa. A da, gayya ake yi bayan damina a gyara inda ruwa ya ci. Yanzu ruwa yana ci, masu ɗibar ƙasa suna ci, shara tana binne wani sashe, gini yana hawa wani. Ƙofar Na'isa ta asali an rushe ta a 2010 wajen faɗaɗa titi, aka gina wata a madadinta. Ba na son shiga gardamar wa ya yanka fili, wa ya ba da izini. Wannan magana ce ta wata takardar. Abin da nake roƙo ƙarami ne, kuma ba ya jiran a gama wannan gardama: a sa masu hoto su bi badala ƙofa zuwa ƙofa, daga Nassarawa zuwa Ɗan'agundi, zuwa Na'isa da Gadon Ƙaya da Dukawuya da Kabuga, a zagayo ta Kansakali da Waika da Ƙofar Ruwa da Mazugal da Wambai har Ƙofar Mata, su ɗauki duk abin da ya rage, a rubuta wuri da kwanan wata a jikin kowane hoto. A maimaita wannan kowace shekara da kaka, daga daidai inda aka tsaya bara. In aka jera hoton wuri ɗaya na shekara biyar, babu wanda zai iya musun abin da ya faru da shi, kuma duk wanda zai yi gyara nan gaba ya san tsayin da zai mayar da irin zubin da zai bi. Ɗaliban zanen gine-gine da na tarihi a Jami'ar Bayero za su iya wannan aiki tare da mu, da kuɗin mota da na abinci kawai. A haɗa da kududdufan cikin birni, waɗanda daga cikinsu aka haƙo ƙasar da aka gina gidajen, ana ta cike su ɗaya bayan ɗaya, sai sunan ya rage a bakin dattawa.

Sai maganar ƙa'ida, wadda ita ce damuwarmu ta yau da kullum. Mun san dalilin da ya sa ake ɗari-ɗari da mai kyamara. Wanda ya ga hare-haren ranar 20 ga Janairun 2012 a garin nan, ko ya ji tashin bam a masallacin Juma'a ranar 28 ga Nuwamban 2014, ba zai zargi ma'aikacin tsaro don ya tambayi baƙon fuska me yake ɗauka ba. Mu ma 'yan gari ne, mun yi jana'izar namu. Matsalar ita ce babu wanda ya san iyakar abin da aka hana. Ka je wuri yau a ce maka bismillah, ka koma mako mai zuwa wani ya ce sai da takarda, ka tambayi ofishin da ke ba da takardar a rasa mai faɗa maka. Wani wurin a ce ka kawo na goro, babu rasit. Wani wurin mutum ɗari suna ɗauka da waya babu mai ce musu uffan, kai da ka rataya kyamara mai dogon baki sai a ware ka, alhali mai mugun nufi ba zai zo da abin da kowa zai hango daga nesa ba. Ba zan ambaci wuri ko mutum ba, domin wanda ke bakin ƙofa shi ma ba a ba shi komai a rubuce ba, da hankalinsa yake aiki, kuma ya san in an sami matsala shi za a fara kamawa.

Allo ɗaya a bakin kowace ƙofa zai kashe wannan rigima. A rubuta da Hausa da Turanci: hoton waya da na iyali kyauta ne, kyamara babba kuɗinta kaza, a karɓi rasit, masu shirya fim da masu talla su je ofis kaza, sashe kaza ba a ɗauka, saboda dalili kaza. Barikin soja da ofishin 'yan sanda da gidan gyaran hali da filin jirgi, babu mai hankalin da zai yi jayayya a kansu, a dai sa alama. Ga waɗanda suke fita a kai a kai, a yi musu katin shaida na shekara a kan kuɗi kaɗan, wanda ma'aikatan tsaro suka san da shi, amma kada katin ya zama sharaɗin da in babu shi uba ba zai ɗauki ɗansa a kan Dala ba. Ƙaramin jirgin nan maras matuƙi da ake ɗaukar hoto da shi daga sama, izininsa a hannun hukumomin tarayya yake. Da jiha za ta ware tebur ɗaya da zai taimaka wa mai nema ya bi hanyar, da an rage masu tayar da shi a ɓoye.

Hawan sallah kuwa, tunda UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a watan Disamban 2024, idon duniya ya ƙaru a kansa. Lamarinsa na fada ne, ba mu isa mu tsara wa masarauta ba. Muna dai roƙon gwamnati ta yi mana iso wurin majalisar masarauta a ware wa masu hoton gida wurin tsayawa a Ƙofar Kudu ranar hawan Daushe, da kan hanya ranar hawan Nassarawa da Ɗorayi da Fanisau. Wanda ya taɓa tsayawa gaban dawaki lokacin jahi ya san ba wurin turereniya ba ne. Wuri sananne zai kare mai hoto, ya kare mahayi. Sa'annan a samu wani daga fada da zai zauna da mu bayan hawa ya faɗa mana wane hakimi ne wannan, wane ne wancan, waɗanne ne 'yan lifidi, waɗanne ne 'yan sulke, don hoton da babu suna da shekara a jikinsa kwalliya ce kawai.

A fagen wasanni asarar da aka yi ta fi yawa, don ba a ɗauke shi tarihi ba. Raccah Rovers ta Kano ta ci gasar ƙwallon ƙafa ta ƙasa a 1978. Kano Pillars, wadda aka kafa a 1990, ta ci a 2008, ta kuma jera uku daga 2012 zuwa 2014, a 2009 kuma ta fitar da Al Ahly ta Masar har ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka. Yaron da yake ihun "sai masu gida" a filin Sani Abacha yau, ina zai je ya ga fuskokin 'yan wasan 1978, ko cikar filin a shekarun nan uku? Hotunan suna nan warwatse a gidajen tsofaffin 'yan wasa da akwatunan 'yan jarida. Dambe ya fi wannan muni. Sunan Shago ya rayu ne saboda Ɗan'anace ya yi masa waƙa, amma samun hoto mai kyau na 'yan damben zamaninsa aiki ne ja. Yanzu matasa suna ɗora dambe a YouTube, mutanen ƙasashen da ba su san ina Kano take ba suna kallo, wannan abin farin ciki ne. Sai dai faifan da aka ɗora yau gobe ana iya goge shi, kuma ba ya gaya maka wane ne ɗan Kudu, wane ne ɗan Arewa, wane ne Guramaɗa, a turmi na nawa aka yi kisa. Hoton dambe yana son kusanci. Da la'asar sakaliya ake sa zare, haske yana raguwa, ƙura tana tashi, naushin da zai kai mutum ƙasa kuwa ƙiftawar ido ne. Wanda aka tura bayan 'yan kallo ba zai samo komai ba sai ƙeyoyi. Hukumar wasanni za ta iya sa wa masu gidajen dambe da kokawa sharaɗi mai sauƙi: a bar wa masu hoto kusurwa ɗaya a bakin fage, su kuma su ba da kwafin zaɓaɓɓun hotuna da sunaye a ƙarshen wata. Haka langa da wasan ƙwallon unguwanni, inda manyan 'yan wasan suke fitowa kafin kowa ya san su.

Ranka ya daɗe, akwai abin da ya ɓace a gabanmu ba mu ankara ba. Wanda ya girma a shekarun 1970 da 1980 ya san babu mahautar da za ka je ba ka tarar da ungulu tana jiran rabonta ba. Yau ka zaga kasuwanni da yawa ba ka ga ko ɗaya ba, har ƙungiyar kare halittu ta duniya ta sa irin ungulun nan tamu cikin masu dab da ƙarewa tun 2015, saboda guba da farautar sassan jikinta don tsibbu. Babu wanda ya damu ya ɗauki hotonta lokacin da take ko'ina, wa zai ɓata fim a kan ungulu? Gauraka ma ta yi wuyar gani. Shamuwa har yanzu tana zuwa gabanin damina, amma manyan itatuwan da take sheƙa a kai suna ta faɗuwa. Mai hoton tsuntsu da ya rubuta wuri da rana yana yi wa masu bincike ƙidaya ne kyauta. Wannan aiki yana son sammako da haƙuri da kyamara mai jawo nesa, wato daidai abubuwan da suke sa a zargi mutum: ya fito da asuba, ya laɓe a bakin ruwa, yana riƙe da wani dogon abu. Muna roƙon a ware ranaku sanannu da ma'aikatan gandun daji za su raka masu hoto cikin dajin Falgore idan hukumomin tsaro sun ga hali ya yi, da bakin madatsar Tiga da duwatsun Rurum. Fadamar Baturiya, inda tsuntsaye suke sauka daga Turai da hunturu, ta koma Jigawa tun da aka raba jihar a 1991, amma wasiƙa ɗaya tsakanin ma'aikatun jihohin biyu ta isa ta buɗe mana hanya.

Gidan namun daji na Audu Bako shi ne inda talaka yake kai iyalinsa. Tun zamanin gwamnan da aka sa wa wurin sunansa ake ɗaukar yara hoto a can da kayan sallah, a da wurin mai hoto mai yawo da kyamara a wuya, wanda zai karɓi rabin kuɗi ya ce a dawo jibi, yanzu kuma da waya. In ka duba irin waɗannan hotuna na shekara hamsin za ka ga tarihin da babu shi a littafi: yadda ɗinkin yara ya sauya, yadda ɗaurin ɗankwali ya sauya, irin takalmin da ake yayi, motocin da ke bayan mutane, dabbobin da suke wurin a lokacin. Wannan ne ya kawo ni ga roƙo mafi girma.

A buɗe ma'ajiyar hotuna ta Jihar Kano. Wurin yana nan: Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer ya zauna lokacin da ya buɗe makarantar Nassarawa a 1909, yana hannun Hukumar Tarihi da Al'adu, ga kuma ɗakin karatu na Murtala Muhammed. Abin da ake bukata ɗaki ne maras zafi da laima, da na'urar kwafar hoto mai kyau, da kwamfuta, da wutar sola, da ma'aikata biyu ko uku da aka koya wa aikin. A yi shela a rediyo: duk mai tsohon albam ya kawo, a kwafa a gabansa, a mayar masa da abinsa a ranar, a zauna da shi ya faɗi su wane ne a ciki, a ina, wace shekara. Mutanenmu ba za su bar hoton mahaifinsu ya kwana a ofis ba, kuma suna da gaskiya, shi ya sa mayarwa nan take ita ce sharaɗin farko. A bi tsofaffin situdiyo na Fagge da Sabon Gari tun kafin magada su zubar da kwalayen nagatif don su sami wurin ajiye wani abu. A bi gidajen tsofaffin ma'aikatan watsa labarai. Wannan aiki ba ya jira, don dattijon da zai kalli hoto ya ce wannan wane ne ɗan wane, kullum raguwa suke yi.

Sabbin hotuna ma suna cikin haɗari, wataƙila fiye da tsofaffin. Hoton takarda yana iya shekara tamanin a ƙasan adaka. Na waya kuwa kamar hatsi ne a rumbun da gara ta riga ta shiga: a sace wayar, ko ta faɗa ruwa, ko katin ya lalace, ko mai ita ya rasu babu wanda ya san lambar buɗewa, shi ke nan shekara goma ta tafi. Ma'ajiyar ta riƙa karɓar zaɓaɓɓun hotuna daga masu ɗauka duk shekara, ta ajiye kwafi biyu a wurare biyu, ɗaya a nan, ɗaya a jami'a ko a Gidan Arewa da ke Kaduna, saboda gobara da sauyin gwamnati.

Masu hoto ba za su kawo ba sai sun tabbata ba za a cinye musu gumi ba. Da yawanmu mun ga hotonmu a kalanda ko allon talla ko shafin jarida, an yanke sunan da ke ƙasa, babu ko sannu. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta kare hoto kamar yadda ta kare littafi da waƙa. A rubuta yarjejeniya gajeriya da Hausa: hoto na mai shi ne, ma'ajiya tana da izinin adanawa da nuna wa ɗalibai da masu bincike, wanda zai yi kasuwanci da shi ya biya, a raba da mai hoto ko magadansa. In gwamnati da kanta ta fara sayen hotunan kalandarta da na tallan yawon buɗe ido daga hannun 'yan gida, tana rubuta sunansu a ƙasa, sauran za su bi.

Mu ma akwai abin da ya hau kanmu, kuma mun yarda a sa shi cikin ƙa'idar. Garin nan na kunya ne da mutunci. Ba a ɗaukar matar aure ko budurwa ba da izininta ba. Ba a ɗaukar almajiri ko mabaraci ko mai taɓin hankali a watsa don neman yabo a Facebook. Ba a juya kyamara cikin gidan mutane daga kan Dala ko Gwauron Dutse. Wanda ya ce kada a ɗauke shi, ko don fahimtarsa ta addini ko don ra'ayinsa kawai, an gama magana. Marinan Ƙofar Mata da maƙera da dukawan Kurmi sana'a suke yi, lokacinsu kuɗi ne, wanda zai tsayar da su ya ɗauka ya san abin da ya kamata. Hoton iyali da aka kawo ma'ajiya, in masu shi sun ce a adana amma kada a nuna sai bayan shekara kaza, a kiyaye musu. Wanda ya karya wannan a karɓe katinsa, ba za mu yi masa roƙo ba.

In hukuma ta ga dacewar wannan kira, muna roƙon a kira zama ɗaya a Gidan Ɗan Hausa, a gayyaci masu hoto na sana'a da na sha'awa, da wakilin masarauta, da na 'yan sanda, da na hukumar gidajen tarihi ta ƙasa mai kula da Gidan Makama, da na hukumar wasanni, a fito da daftarin ƙa'idar a shafi ɗaya. Zagayen badala kuwa muna roƙon a fara shi da kakar bana, da zarar ruwa ya ɗauke, mu za mu zo da kyamarorinmu.

Allah ya ƙara wa Mai Girma Gwamna lafiya, ya ba jihar Kano zaman lafiya da yalwar arziki.

Wassalam.

Naku mai biyayya,
wani mai ɗaukar hoto daga cikin birnin Kano.